Yadda ake haɗa bushiyar takarda mai motsa baki tare da yara

Bushiya tana da daɗin yi da takarda saboda ƙayarta tana rufe kuskure. Yaron da hannunsa bai faɗa da almakashi ba, in ya yanka kunnen zomo a karkace kowa zai gani, amma in ya yanka ƙaya ɗari, wata doguwa wata gajeriya, sai ma abin ya fi kama da na gaske. Wadda za a haɗa a nan 'yar tsana ce ta sawa a hannu: yatsu huɗu a sama, babban yatsa a ƙasa, baki yana buɗewa yana rufewa, bayanta mai ƙaya ya rufe bayan hannun yaro har zuwa wuyan hannu. Sassanta uku ne, baki da baya da fuska, kuma kowanne daban ake yin sa kafin a haɗa. 'Yan shekara 7 zuwa sama za su iya kusan komai da kansu. 'Yan 4 zuwa 6 kuwa babba ne zai ninka musu baki, ya bar musu ƙaya.

Kafin a taɓa takarda, a nuna wa yara hoton dabbar a waya, don yaran cikin birni da yawa suna rikita ta da beguwa. Kama da wane ba wane ba ne. Beguwa babba ce, ƙayarta dogaye masu zanen baƙi da fari. Bushiyar da ake samu a ƙasar Hausa kuwa 'yar ƙarama ce, tana iya zama a tafin hannun babba, cikinta da gefen fuskarta fari, hancinta mai tsini, ƙayarta gajeru masu duhu a tsakiya da haske a kai. Ƙafafunta na baya yatsu huɗu ne. Da dare take fita neman ƙwari, in ta ji tsoro sai ta dunƙule. Waɗannan su ne abubuwan da za su sa yaro ya san dalilin da ya sa fuska fara ce, baya kuma ruwan ƙasa.

Kayan aiki

Kowace bushiya ɗaya tana cin farar takarda A4 guda ɗaya don baki, takarda ruwan ƙasa mai girman A4 guda ɗaya don ƙaya, da kwali marar kauri mai faɗin santimita 12 da tsawon 16 don baya, sai wani ɗan guntun kwali mai haske na fuska. Kwalin sukari ko na ganyen shayi ko na man goge baki mai girma duk sun yi, in aka buɗe su aka juyo cikinsu. Kwalin taliya mai ramuka a tsakiya ya yi nauyi, kuma almakashin yara ba ya cin sa. Takarda ruwan ƙasa mafi kyau ita ce irin wadda ake naɗe littattafan makaranta da ita, ana samun ta wurin masu kayan rubutu a kasuwar Sabon Gari da shagunan bakin makarantu, ko kuma tsohuwar babbar ambulan a farke ta. Takardar siminti tana da launin da ake so da ƙarfin da ake so, amma ƙurar da ke jikinta tana cin hannu tana shiga ido, don haka a bar ta. In farar takarda kaɗai ke akwai, a dafa shayi mai kauri, a shafa mata da auduga tun jiya, a shanya a danne da littafi.

Sai almakashi mai dakusasshen kai, rula, fensir, baƙar maka ko biro, fensirin kala ja, farin alli, da ɗan guntun robar ƙugun wando da za a samu wurin tela. Reza ba ta da wuri a wannan aikin, ko da yaran sun saba feƙe fensir da ita. Haka ma gam ɗin nan mai kamawa nan take da ake liƙe takalmi da shi: yana haɗe yatsu, kuma yana ƙandarar da takarda ta karye.

Maganar gam ta cancanci a tsaya a kanta, don a nan aka fi samun matsala. Farin gam na kafintoci, irin Top Bond, shi ya fi riƙo kuma yana bushewa ba tabo. Murfin kwalbar lemo ɗaya ya ishi yara biyu, a shafa da tsinke ko da ɗan guntun kwali. In aji ne mai yara arba'in, sitaci ya fi sauƙin kuɗi: a dama cokalin cin abinci biyu na sitacin rogo da ruwan sanyi kaɗan, a zuba tafasasshen ruwa kamar kofin shayi ɗaya ana juyawa, yadda ake dama koko, har farin ya wuce ya zama garai-garai. A bar shi ya huce sosai kafin a kai gaban yara. Wanda ya yi tsululu yana jiƙa takarda ta kumbura, wanda ya yi kauri da yawa yana yin gudaji a ƙarƙashin ƙaya; daidai shi ne wanda zai tsaya a jikin cokali ya sauko a hankali. A ranar ake dama shi a ranar ake amfani da shi, don a zafin Kano yana kwana ya fara tsami. Ƙaro, wanda malaman allo ke sawa a tawada, shi ma gam ne mai kyau ga takarda: a samo a kasuwar Kurmi, a jiƙa awo ɗaya a awo biyu na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle. Sai dai shi da sitaci duk ba sa kama fuskar kwali mai sheƙi. In dole sai an liƙa a kan sheƙin, a kankare wurin da bakin almakashi tukuna.

Ninkin baki

A ajiye farar takardar a tsaye. Faɗinta santimita 21 ne, don haka a sa alama a 7 da 14, sama da ƙasa, a ninka gefen hagu zuwa ciki, a ninko na dama a kansa. An samu dogon ziri mai faɗin santimita 7 da tsawon kusan 30, mai rami a ciki kamar hannun riga. A shafa gam siriri a bakin ninkin da ke sama kaɗai, faɗin farce, a danne. Kafin a danne ɗin, a zura rula ko yankin leda a cikin ramin. Dalili kuwa, gam ɗin da ya tsiyaya ciki zai manne bangon sama da na ƙasa, sai an gama komai yaro ya zo sa hannu ya tarar ba ƙofa.

In ya sha iska minti biyar, a zare rular, a ninka zirin gida biyu, gefen da ba haɗi ya kasance a ciki, gefen haɗin a waje. Sannan a ɗauki bakin da ke sama a mayar da shi baya har ya kai kan ninkin tsakiya, a juya a yi wa na ƙasa haka. In aka kalle shi ta gefe zai yi siffar harafin W a kwance, gida huɗu, kowane gida santimita 7 da 'yan kai. Ƙofofin biyu yanzu suna kallon mai riƙewa: ta sama ta yatsu huɗu, ta ƙasa ta babban yatsa. Ninkin tsakiya shi ne maƙogwaro, sauran biyun leɓuna. A bi kowane ninki da farce ko bayan cokali har ya yi kari kamar na guga. Bakin da karinsa bai fita ba yana buɗewa a murɗe.

Ga kuskuren da manya ma ke yi. Ganin gidan sama yana lilo a kan na ƙarƙashinsa, sai mutum ya ce bari ya manne su don abin ya yi ƙarfi. Kada a manne. Wannan ratar ita ce ke ba yatsu da babban yatsa damar rabuwa ta baya. In aka rufe ta, baki zai ƙage, yaro ya yi ta ja har takardar ta yage daga maƙogwaro. In ana son ƙarin ƙarfi, a haɗa takarda biyu tun farko a ninka su tare, ko a yi amfani da bayan tsohuwar kalanda. A gwada hannun yaron yanzu, ba sai an gama ba. Ƙaramin hannu yakan yi yawo a aljihun, sai a cusa ɗan dunƙulen takarda a can ƙurya. Hannun babba kuma yatsu uku ne za su shiga, ya wadatar.

A shafa jan kala a gidajen biyu na cikin baki tun yana fili. Harshe ɗan yanki ne mai faɗin santimita 2 da tsawon 3, a liƙa gindinsa kaɗai kusa da maƙogwaro don kansa ya riƙa motsi.

Baya da ƙaya

A zana siffar ƙwai a kan kwalin, tsawo 16, faɗi 12 a inda ya fi faɗi, gaban ya tsuke zuwa kamar 8. A yanka. Daga tsakiyar ƙarshen mai faɗi, wato wajen wutsiya, a tsaga santimita 4 zuwa ciki, a ɗora gefe ɗaya a kan ɗaya da kamar santimita ɗaya da rabi, a liƙa, a maƙale da abin maƙale shanya har ya kama. Nan take kwalin zai tashi kamar an kife ƙoƙo. Bushiyar da ba a yi wa wannan tsagar ba tana fitowa a baje kamar faifai, kuma gefunanta suna karo da hannun yaro.

Takarda ruwan ƙasa mai girman A4, in aka raba tsawonta biyu, aka yanka kowane rabi ziri-ziri mai faɗin santimita 4, tana ba da ziri goma, kowanne tsawon kusan 15. Goma ɗin nan su ne ƙayar bushiya ɗaya. A ja layi da fensir a tsawon kowane ziri, santimita ɗaya daga gefe. Wannan layin shi ne iyakar almakashi, a gaya wa yara ƙarara: almakashi ya zo layi ya tsaya. Sama da layin, santimita 3, nan ake yanka haƙora masu tsini kamar na zarto. Don a rage wahala, a ninka zirin sau biyu ya zama gida huɗu, a yanka tsini uku, a buɗe a ga goma sha biyu. Yara suna son wannan lokacin buɗewar fiye da komai a aikin, a bar kowa ya buɗe nasa. Kada a ninka fiye da haka, almakashin yara yana tauna gida takwas ne maimakon ya yanka.

'Yan ƙanana da ba su iya tsini ba, su yi yanka miƙaƙƙe kusa da kusa, kamar gezar darduma. Daga nesa ƙaya ce. Manyan yara kuma akwai dabarar rage ɓarnar takarda: ziri mai faɗin santimita 5, a ja layi a gefunansa biyu, a yi yankan zarto tsakanin layukan, sai ya rabu ya ba da jerin ƙaya biyu ba ko ɓurɓushi.

Jerawa daga wutsiya ake farawa a nufo kai, yadda mai baibayar jinka ke farawa daga ƙasa ya hau sama, kowane layi ya rufe gindin wanda ya riga shi. Tsinin ƙaya yana kallon wutsiya. Layin farko gajere ne, kamar santimita 6 ko 7, a liƙa shi yadda tsininsa zai zarce bakin kwalin da kamar santimita 2. Na biyu ya matso gaba da santimita ɗaya da rabi, haka har a kai gaba, wajen layi goma ke nan. Na tsakiya su ne dogaye, 12 zuwa 13. Abin da aka datse daga gajerun layuka a tara shi a gefe don cike gurbi. Gam a gindin zirin kaɗai yake zama, wancan santimita ɗayan da ke ƙasan layi. Yaro in aka bar shi zai shafe zirin gaba ɗaya, ƙayar ta kwanta ta manne da juna, a samu bushiya mai kama da wadda ruwan sama ya daka.

Abu biyu ne ke bambanta aikin da ya fito da wanda bai fito ba. Na farko, a goce kowane layi kaɗan, yadda tsininsa zai faɗa tsakanin tsini biyu na layin baya, kamar jerin bulo. In aka jera su tsini kan tsini, hanyoyi za su buɗe a ga kwalin ƙasa. Na biyu, tun da bayan ya yi ƙoƙo, miƙaƙƙen ziri ba zai kwanta a kansa lafiya ba. A ɗan tsattsaga gindinsa wuri biyu ko uku, rabin santimita, sai ya lanƙwasa ya bi jikin kwalin. Wanda ya shafa wa kwalin kala ruwan ƙasa tun kafin jerawa ya huta da damuwar gurbi.

Daga nan sai a bar shi ya bushe, kuma yanayi ne ke faɗin tsawon jiran. Da hunturu minti ashirin ya isa, sai dai gam yana bushewa a murfi tun ana aiki, kuma kwali yana nannaɗewa, don haka a zuba gam kaɗan-kaɗan, a kife bayan a kan ƙaramin kwano ya riƙe siffarsa. Da damina sitaci yana iya kaiwa yamma bai bushe ba, gara a raba aikin kwana biyu. Kada a kai shi tsakar rana don sauri, gefuna za su tashi. A kuma kashe fanka tun daga lokacin yanka, in ba haka ba rabin darasin zai tafi a bin ƙaya ƙarƙashin benci.

In ya bushe, a goga farin alli a kan kowane tsini, kamar rabin santimita. Sannan a ɗaga ƙayar layi-layi da ɗan yatsa, ko a naɗe kowane tsini a jikin fensir a sake shi. A nan ne abin ke tashi daga kwali ya zama dabba. In aka ɗaga tun da danshi, gindin ne zai biyo hannu.

Haɗawa da fuska

A shafa gam a ƙarƙashin gaban bayan, santimita 4, a ɗora shi a kan rabin baya na gidan sama na bakin. A mayar da rula cikin aljihun yatsu a danne a kanta na minti biyu. Nan ne wurin da ya fi shan wahala in ana wasa, don haka ko da sitaci aka yi sauran aikin, wannan haɗin ya sami farin gam. Sauran santimita 12 na bayan yana lilo a kan hannu, haka ake so.

Fuska siffar ɗigon ruwa ce, tsawo 8, faɗi 7 ta baya, gaba mai tsini. A ninka ta a tsaye a tsakiya a buɗe, don karin ya hana hancin lanƙwashewa. A liƙa ta yadda tsinin zai zarce leɓen sama da santimita 3, bayanta kuma ya hau kan gindin layin ƙaya na ƙarshe ya ɓoye shi. Shi ya sa fuska ce ƙarshen zuwa. Hanci dunƙulen takarda ne kamar ƙwayar gyaɗa, a baƙanta shi da maka a liƙa a tsini. Ido kamar ƙwayar wake, baƙi, da ɗan farin ɗigo a ciki. A sa su ƙasa-ƙasa, kusa da hanci kuma nesa da juna. In suka haura sama suka matso juna, ɓera za a samu, yara kuma ba za su ɓoye maka ba. Kunnuwa 'yan da'ira ne na santimita 2, a lanƙwasa gindinsu a soka tsakanin fuska da ƙaya. Maɓalli yana yin ido mai kyau, amma in akwai ɗan ƙasa da shekara 3 a gidan a haƙura da shi, don bakinsa zai nufa.

Robar wando kuma a auna ta a wuyan hannun yaron, a bar sararin yatsu biyu, a huda kwalin gefe da gefe a ƙarƙashin ƙaya a ɗaura. Kada a musanya ta da siririyar robar ɗaure kuɗi, tana shiga fata tana kuma yaga kwali.

Sa ta magana

Yara da farko sukan rufe baki a kan kowace kalma, kamar mai cizon iska. A nuna musu akasin haka: baki yana buɗewa ne lokacin da sauti ke fita, kuma babban yatsa ne ke sauka, yatsun sama su tsaya, in ba haka ba idon bushiya zai riƙa kallon rufi. A gwada da gaisuwa, gaɓa-gaɓa: "Sa-la-mu a-lai-kum." Dunƙulewa kuwa ita ce abin dariyar. Yaro ya rufe baki ya karya wuyan hannunsa ƙasa, fuska ta ɓace, ƙaya kaɗai ta rage tana kallon 'yan kallo. A kwantar da tebur ta gefe ko a ɗaura zani tsakanin kujeru biyu, mai wasa ya ɓuya a baya. Malama ta buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku," aji ya amsa "Ta zo mu ji ta," sai bushiya ta leƙo: "Ina kwana, Baba Kunkuru, ko ka ga Gizo ya wuce da ƙwaryar garata?" Wani ya yi kukan kura daga bayan zani, ta dunƙule. Daga nan yaran ba sa bukatar a rubuta musu komai.

In a Islamiyya za a yi, a fara sanar da shugaban makaranta. Malamai da dama sun sassauta a kan kayan wasan yara bisa hadisin 'yan tsanar Nana A'isha, amma akwai iyayen da ba su sake da siffar mai rai ba, kuma gara a ji ta bakinsu kafin a sayi takarda.

Ajiya tana da nata sharaɗi. Wadda aka yi da sitaci abincin kyankyaso da ɓera ce, ba a barin ta a ƙasa ko bayan kabad. A rataye ta da robarta a ƙusa, ko a sa a leda a ɗaure bayan ta bushe ƙarau. Jakar makaranta tana kwantar da ƙaya, amma ana sake ɗaga ta da fensir. Maƙogwaro ne ke fara yagewa, yawanci bayan mako ɗaya ko biyu na wasa. A liƙa masa ɗan ƙyalle mai faɗin yatsu biyu ta bayan ninkin, inda ba a gani. In bakin ya mutu gaba ɗaya, a ɓanɓare baya da fuska a hankali da bakin cokali, a ninka sabuwar A4, a mayar da su a kai.